Gidan Bilyaminu na Shidda

Bilyaminu ƙanenmu na, shi na autan innarmu, kuma tun shina rarrahe anka gane ba mai zama wuri guda ba na. Marnona anka haihe mu duka, gidan noma, gero da dawa da wake. Mu mun bi babanmu gona ba gardama. Shi ko in an ba shi kalme, kahin hantsi sai a ishe kalmen jingine ga kuka, mai shi ya bi sawun zomo ya shige cikin sabara. An buge shi, an yi mashi faɗa, an kai shi ga malam an yi mashi rubutu ya sha. Duk a banza. Daga baya babanmu yag gaji, yac ce a bar ma kawunmu Ɗahiru shi, ƙanen inna, wanda shi na maharbin danginmu.

Abu biyu Kawu yak koya mashi da sunka zamna mashi ga kai har yau. Na farko, in kana son sanin abin da daji yaɗ ɗauka, ka yanki reshen sabara da marece, ka share rairayi kusa ga ruwa ko ƙarƙashin magarya, ka tahi abinka. In ka dawo bayan sallar asuba, duk abin da yat taka wurin ya bar maka sawunai. Na biyu, maharbi ba ya faɗin inda yag ga nama. Ko ga matatai, ko ga limamin garinsu. In an tambaye ka, ka ce daji ya mutu.

Shi kuma Bilyaminu yaƙ ƙara na ukku daga kainai. Cewa yay yi maharbin ƙwarai ya kamata shi zamna inda za shi kai daji da ƙafa kahin rana ta hito. Karen da anka ɗauko bisa mashin, in ji shi, ya riga ya gaji, hancinai ya cika da hayaƙi. To shi daji ba ya jiran kowa. Inda kag ga kurmi bana, baɗi gonar wani ta. Daji na ja da baya, Bilyaminu na biye da shi da kayan ɗaki.

Shina da shekara ashirin da ukku anka yi mashi amre da Rahinatu, ɗiyar Malam Iliyasu na Achida, mai ɗinkin buhunan albasa. Yarinya ta mai fara'a da kaihin baki, ta tashi gidan kiwon kaji da zabi, ga ta da sana'ar ƙuli-ƙuli. Shekara guda sunka yi Marnona, yac ce gonaki sun cinye wurin. Yak kwashe ta sai bakin fadamar Wurno, inda dinya da kirinjijiya ka sauka in ruwa ya ja. Shekara biyu yay yi shina jin daɗi, sai masu shinkafa sunka kawo injinan ban-ruwa, ƙara tun safe har marece, tsuntsu yad daina sauka. Sunka koma wani ƙauye wajen Rabah, bakin babban daji. In ka tambaye shi yau za shi ce maka nan na yay yi rayuwa, gada, zomo, beguwa, makwarwa har bayan ɗaki. Amma shekarun nan na daji yaɓ ɓaci, masu bindiga sunka shige shi, wanda yash shiga da safe ba a san ko za shi hito ba. Maharba sunka aje bindigoginsu, don duk wanda anka gani da ita ba a tsayawa jin bayaninai. Shi ma yas saida bindigatai, yak koma ga karnuka biyu, Duna da Kyalla, da kere, sandar nan mai lanƙwasa da aka jifan nama da ita. Ran da anka kore shanun ƙauyen da ke kusa da su, washegari sunka tashi. Gida na huɗu wata unguwa ta bakin hanyar Goronyo, ko wata takwas ba su yi ba, don gidan jikin masallaci yake, Duna kuma ya ɗauki halin zubda butocin alwala shina lasar ruwan. Daga nan sai Achida, surukinai yab ba su ɗaki.

Duk tashi guda sai wani abu na Rahinatu ya mutu ga hanya. Gadonta na amre bisa amalanken shanu yak karye, tsakanin Wurno da Rabah. Tukwane ba a magana. Masu sayen ƙuli-ƙulinta, da ta tara su sun saba da hannunta, sai a tashi. Khalid, ɗansu na fari, aji ɗaya sau ukku yay yi ga makaranta ukku, har ya haddace littahin kahin malam shi buɗe.

Achida ba daji. Titi na, da motoci, da buhunan albasa. Bilyaminu yash shiga dako ga kasuwa, karnuka ɗamre ga turke kamar awaki. Ya rame. Tuwo ma tsaye shika cin shi. In shina magana da kai idonai na bisa kanka, can wajen gabas. Da marece sai shi ɗauki kere shi zagaya bayan gari, shi dawo da kurege guda ko hannu banza. Shekara ba ta cika ba yac ce ma matatai, "Rahi, wurin ga ba ya yi." Tas sa hijabi tat tahi ɓangaren babanta.

Bayan la'asar Malam Iliyasu yak kira shi zaure. Bilyaminu yat tuɓe takalmi, yad durƙusa nesa, kai ƙasa.

"Ɗana, an ce ƙafa ta fara yi maka ƙaiƙayi."

"Baba, ba haka na ba. Abin dai..."

"Gida nawa ke nan kun yi?"

"Biyat, Baba."

"Biyat cikin shekara goma sha ɗaya. Ni ban hana ka sana'arka ba, halal ta. Ita ma ba ta ce ka bari ba. Ga abin da tac ce, kuma ina bayanta. Tashi guda yar rage maka. Tahi ka diba da kyau, ko wata nawa za ka yi kana nema, ka zaɓi wuri. Za ta bi ka. Amma in kat tashi daga nan, kai ɗai za ka tashi. Ita da yara, ɗakinsu na nan Achida."

Daga bayan zana sai ga muryar Rahinatu. "Baba, a faɗa mashi da rijiya. Da makarantar da yaro ka kaiwa da ƙafa."

"Ka ji."

"Na ji, Baba."

Wata biyu yay yi bisa tsohon mashin ɗinai shina yawo. Duk inda yag ga alamar daji sai shi nemi masauki, da marece shi share rairayi, da asuba shi koma shi diba. Wani wuri bayan Wurno, sawun awaki da ƙadangaru kawai yas samu. Wani wuri wajen Rabah, sawun nama kam ga shi nan, amma tare da sawun tayar mashin ukku-ukku, inda babu gari babu kasuwa. Ko ruwa bai sha ba yaj juya. Wani wurin akwai zomo, rijiya kuma sai an yi tahiyar awa guda. Kullum shi dawo Achida da ƙura har cikin kunne, shi kwanta, shi tashi, shi hita waje shi dibi karnuka, shi dawo.

Sai yaf faɗa Tungar Ƙirya, wata 'yar tunga bayan Goronyo, gida bai hi ashirin ba. Tudu ta, ruwa ba ya cin ta. Rijiya tsakar gari, makaranta ga garin da ke gaba, tahiyar rabin awa. Bayan tungar akwai kwari mai rairayi, da magarya da aduwa, hayin kwarin can nesa kuma rugar wani dattijon Bahillace ta, Malami. Bilyaminu yas sauka kwarin yash share wuri.

Da yad dawo bayan asuba sai yat tsaya cik. Rairayin nan ya cika da sawun zabi, babu inda za ka aje yatsa. Yas sake sharewa, washegari haka. Rana ta ukku yah hange su da idonai, garke guda, sun hi arba'in, suna kiwo cikin sabara. Rabonai da ganin zabi haka cikin daji tun shina bin Kawu. Bai ko duƙa ya dibi sawun da kyau ba, mi za shi diba, ga su nan ya gani. Abin da yay yi kawai, yas sa ƙafa yam murje sawun duka kar wani shi gani.

Ran nan yat tahi ga maigari neman hili.

"Mi yak kawo ka nan, ka baro Achida bakin titi?"

"Noma, ranka shi daɗe. Wake da 'yar albasa."

"Na ga kere ga mashin ɗinka. Halan maharbi na?"

"Da can. Yanzu ai daji ya mutu."

Anka ba shi hili bisa tudu. Wata guda da rabi ana gini, shi na kwaɓa ƙasa, shi na miƙa tubali, ya hana magina hutu. In garken zabin ya ɓullo can nesa, sai shi juya masu baya shi ja magina da hira, kar wani shi bi idonai shi gani. Bai taka kwarin ba ko sau guda, kar su tsorata su canza wuri.

Ran da anka kawo Rahinatu, tad dibi rijiya, tad dibi ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, tat tambayi wata macce nisan makaranta. Sannan tac ce, "To, Baban Mashkura, wanga karon ka yi kai." Mashkura ita ta ɗiyarsu ta biyu, da sunanta taka kiran shi. Tak kwance kayanta duka, har ƙullin da tun Rabah ba ta kwance ba.

Kwana ukku yad daure. Rana ta huɗu, ana sallame asuba yak kwance karnuka, yar rataya burgami, yas sauka kwari. Yaj jira cikin sabara har gari yaw waye sosai, sai ga su tahe suna tsattsagar ƙasa. Abu guda yab ba shi ɗan mamaki. Zabon daji tun kana nesa shika jin ka shi tashi. Waɗanga sai da yaz zo wurin jifa sannan sunka fara gudu, suna yi suna waiwaye. Yac ce ma rainai ai ba su taɓa ganin maharbi ba na. Yas saki kere, guda taf faɗi. Yas sake, ta biyu. Kyalla tad danne ta ukku. Yay yi bisimilla yay yanka su, manya, masu nauyi, ƙirji cike da kitse. Yad dawo gida shina waƙa, abin da Rahinatu ba ta ji ba tun Rabah.

Taɗ ɗora ruwan zahi, taj jawo zabin za ta hige. Taɗ ɗaga guda, tat tsaya. Taɗ ɗaga ta biyu.

"Baban Mashkura, ina kas samo su?"

"Daji."

"Wane daji?"

"Ke dai hige. Maharbi ba ya faɗi."

"Zo ka gani. Dajin naku har wuƙa gare shi?"

Yam matso. Ɗan yatsan waje na ƙafar hagu an yanke shi ga gaɓa, ya warke sumul tun suna 'yan tsaki. Ta biyu haka. Ta ukku haka.

"Shaida ta," in ji Rahinatu. "Innata na ƙafar dama taka yanke ma namu. Waɗanga da mai su."

Sai dariya tak kama ta. Tay yi har taz zamna ƙasa, tana share hawaye da bakin zane, tana cewa maharbin gada ya kashe zabin gida. Da taɗ ɗago tag ga huskatai sai dariyar tat tsaya. Ta san huskar nan. Sau biyat tana ganin ta.

Yat tashi yak koma kwari. Wanga karon yad durƙusa bisa rairayi, abin da ya kamata shi yi tun ranar farko. Kowane sawun hagu da giɓi. Yab bi su guda guda har ƙarshen kwarin, bai samu ko guda mai yatsu cikakku ba. Yaro ɗan wata ukku ga koyon farauta ba ya yin wanga kuskure.

Yad dawo yaz zamna bisa turmi, yat tashi, yas sake zamnawa.

"Ɗauke su ka kai ma mai su," in ji Rahinatu.

"Wa yag gani?"

"Allah ya gani. Kuma ni zama niz zo yi garin ga, ba ni fara shi da naman maƙwabta."

Yas sa su cikin burgami yaƙ ƙetare kwari. Ga rugar yat tarad da Asta, matar Malami, tsohuwa doguwa, tana kaɗa nono ƙarƙashin gawo, mata biyu kusa da ita. Yay yi sallama, yad durƙusa, yaz zube zabin gabanta. Taj juya ƙafahunsu da yatsa guda.

"Kaɗo, kai na baƙon da yag gina bisa tudu? An ce manomi na."

"Ni na, Inna. Kuskure anka samu. Na ɗauka na daji na, sai da matata tag ga shaida ga ƙafa."

"Na daji? Rabon wurin ga da zabon daji tun ina amarya. Da ka tambayi ko yaron goye na tungar, da ya faɗa maka zabin Asta na. Ɗaga kanka, bisa gawon ga suka kwana kullum." Tad dibi matan. "Ku nuna ma maharbi bayan bukka, akwai kaji, su ma ba su gudu."

Matan sunka sa dariya. Bilyaminu yaj ji kamar ƙasa ta buɗe shi shige. Yac ce ta faɗi abin da za shi yi ta yahe.

"Ɗauki biyu ka kai ma matarka, ta hi ka ido. Ban son komi naka. In dai maharbi kake da gaske, akwai wanda yah hi ka ɓarna. Da kaka zabin ga sun hi sittin. Dila na. Da sun sauko sun nuhi kwari sai ya ɗauki guda, yanzu har 'yan tumaki ya fara taɓawa. Yaranmu sun bi shi sun gaji."

"Inna, ni maharbi na, ba mai gadin zabi ba."

"Awo. Na gani."

Kahin marece labari ya zagaya tungar. Yara in sun gan shi sai su yi kukan zabo. Shi wannan bai dame shi ba kamar abin da rairayi yan nuna mashi. Kwana shidda shina sharewa, gabas, yamma, bakin gulbi, bayan makaranta. Kurege, ɓera, zomo ɗai-ɗai. Ya zaɓi gidanai na ƙarshe saboda zabin wata tsohuwa, kuma tashi ya ƙare mashi.

Ran Lahadi yat tahi kasuwar Goronyo sayen igiya, sai yag gamu da Habibullahi, abokin farautatai tun zamansu Rabah. Sunka zamna rumfar mai shayi. Habibullahi yas sassauta murya yac ce sun samu wani wuri can gabas, lahiya lau har yanzu, gada kamar awaki. Su huɗu na, sun kama akori-kura, Lahadi mai zuwa za su tashi, kuma hanyarsu ta bi ta bakin Tungar Ƙirya.

"Akwai rijiya?"

"Tabki na."

"Makaranta fa?"

"Kai, Bilya, gada nika faɗa maka kana ce mani makaranta. Ka zo mu kafa bukka, iyali su biyo daga baya."

"Sai na gani," in ji Bilyaminu.

Bai faɗa ma Rahinatu ba, bai san zancen motar Lahadi ya riga shi isowa gida daga kasuwa ba. Amma Litinin yaɗ ɗinke burgami. Talata yash shafa ma kere mai, yad diba ƙafahun karnuka, yas sake shafa ma kere mai. Laraba tay yi wanki tun safe, da marece yat tarad da ita tana ɗamre kaya cikin zannuwa.

"Kayan mi kika ɗamrewa?"

"Nawa da na yara. Naka ga su can, ban taɓa ba. In motarku ta zo, ka fara sa mu ga ta Achida."

"Wa yac ce maki za ni wani wuri?"

"Kerenka. Sau biyu yash sha mai, mu miyarmu ko sau guda."

Alhamis da asuba ɗaki yay yi mashi ƙunci, yah hita ba tare da ya san inda za shi ba. Ƙafa tak kai shi kwari. Nan yag ga gashin zabo watse, da jini bai bushe ba, da sawun dila. Yad duƙa. Tsohon namiji na, ƙafar baya guda shina ɗan jan ta. Yac ce bari dai shi ga inda yab bi, ba don Asta ba. Sai yal lura dilan ba ya taka rairayi in da wuri mai tauri kusa, in ko ya isa burtali, cikin sawun shanu shika aje ƙafa. Yab bi shi har azahar, yaɓ ɓace mashi bisa fako. Yad dawo gida rai ɓace, ko hura bai sha ba.

Ran nan da marece yak kafa tarko ga hanyar da dilan ka bi. Juma'a da safe yat tarad dilan ya tone ƙasa kewaye da tarkon, ya bar shi hili, ya yi kashi gehenai ya wuce. Asabar yas sa karnuka. Dilan yaj ja su yaj ja su, yash shige da su tsakiyar shanun Malami, wari yaɓ ɓace, wata saniya tah harbi Duna ga haƙarƙari. Bilyaminu yad dawo da kare saɓe ga kafaɗa, tun daga ƙofa shina magana.

"Rahi, kin san abin da ɗan banzan ga yay yi mani yau?"

"Ban sani ba. Gobe Lahadi dai nis sani."

Lahadi da hantsi sai ga akori-kura bakin tunga tana oda, maharba huɗu bisa, karnuka na haushi. Rahinatu ta riga ta sa hijabi, tana zamne bisa ƙullin kayanta tsakar gida. Khalid da Mashkura na tsaye gehenta da takalmi ga ƙafa, ba wanda yac ce su sa. Bilyaminu yad dibe su. Yaɗ ɗauki burgami da kere yah hita. Ba ta kira shi ba.

"Hau mana, rana na yi," in ji Habibullahi. "Ina karnukan?"

Bilyaminu yad dafa motar. Yat tambaya ko gadar da idonai yag gan ta ko labari yaj ji. Da ido, in ji Habibullahi. Yat tambaya awa nawa ta tahiya. Yaɗ ɗora ƙafa bisa taya, yas sauke. Yad dibi hanya, yad dibi kwari, yad dibi ƙofar gidanai.

"Ku tahi. Akwai wanda ban gama da shi ba nan."

"Wa?"

"Wani dila."

Maharban sunka bushe da dariya. "Dila za ka zamna ma? Abin da ko cin shi ba a yi?"

"Ku dai tahi. Allah shi ba da sa'a."

Yat tsaya nan har ƙarar motar taɓ ɓace. Sannan yak koma ciki, yar rataye burgami ga ƙusa.

"Kwance kayan ga."

"Na yau ko na kullum?"

"Rahi, kwance mana."

"Sai ka faɗa da bakinka, yara su ji."

"Na kullum. In Allah ya so, garin ga za a bizne ni."

Tat tashi daga bisa ƙullin tak kwance shi. Mu dai har yau ba mu sani ba ko dilan na yar riƙe shi ko ganin yaran nan tsaye da takalmi. In an tambaye shi sai shi ce dilan.

Kwana ashirin da shidda dilan yas sake wahalshe shi. Sai da yash shafe tarkon da kashin shanu, yab bizne shi tsakiyar burtali cikin sawun saniya, sannan yak kama shi. Asta ta aiko da ƙwarya cike da nono, da saƙon cewa yanzu ta yarda rabin maharbi na. Bayan dilan wasu sunka zo, da muzurun daji, da tunku mai shan ƙwai in damina ta sauka. Masu albasa na bakin gulbi sunka fara aiko mashi saboda gahiya. Ba farautar da yaso ba ta, shi ma ba ya ɓoyewa. Har yanzu tsaye shika cin tuwo. Sau biyu ga shekara shina bin gayyar farauta, shi yi mako guda, shi dawo baƙi ƙirin da ƙaya ga ƙafa.

Shekara huɗu ke nan, gida guda. Makon jiya munka cika mota daga Marnona munka tahi suna, Rahinatu ta haihu, an sa ma jaririyar Mas'uda. Innarmu sai da tay yi kuka don murna, don wanga na karo na farko da ɗiyan Bilyaminu biyu sunka faɗo ɗaki guda, Musaddiƙ ƙanen Mashkura da wagga jaririyar. Kowa na cewa barka, barka, kamar shi yas sha naƙuda. Malam Iliyasu da kainai yaz zo daga Achida, yaz zagaya gidan sau biyu shina taɓa bango.

Habibullahi ma ya zo. Tun tahiyar nan ya canza wuri sau biyu, kuma ga shi da sabon labari, wani daji can gaba da ba a taɓa shiga ba. Bilyaminu na saurare, yat tashi tsaye, yaz zamna, yat tambaya kwana nawa na tahiya. Sai wata tsohuwa tal leƙo daga cikin gida tac ce mai jego ta ce a faɗa ma Baban Mashkura mahauci na jiran shi ga rago. Yac ce ma Habibullahi shi sha hura, yan naɗe hannun riga, yat tahi riƙe ma mahauci ƙafa.